Lambar Motar Baba

Azare,
14 ga Afrilu, 2002

Zuwa ga Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da aikin asibiti. Yaya zafin Birnin Kebbi? Namu a nan sai godiya, ko bangon ɗaki ba ya jinginuwa da rana. Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Inna tana samun sauƙi. Ƙafar ta daina kumburi tun da ta rage gishiri, tana kuma cin abinci, sai dai ba ta son yawan magana. Saura kwana arba'in da 'yan kai ta fita takaba. Duk sanda na shiga sai ta tambaya ko "waccan ta Kebbi" ta aiko, kin dai san har gobe ba za ta kama sunan 'yar fari ba.

Yaya, ina ta jan gaisuwar nan ne don ban san ta inda zan fara ba. Na yi ɓarna.

Kin koma bakin aiki kafin sadakar bakwai, don haka ba ki ga abin da Baffa Jalo ya yi ba. A ranar, da yake shi ne ƙanin Baba kuma shi ke riƙe da gado har a raba, ya sa aka kawo masa sukundireba, ya tsuguna da kansa ya kwance lambobin Fijon Baba, ta gaba da ta baya. Ya ce haka ake yi tun da mota ta shigo ƙasar nan: motar mamaci a cire mata lamba, don mota marar lamba ba ta hawa titi, kuma babu magajin da zai ce wani ya more ta kafin rabo. Ya naɗe lambobin da takardun motar da na gona a wani ƙyalle, ya miƙa wa Inna a gaban kowa, ya ce, "Hajiya, ga amana." Sukurorin guda huɗu kuwa ya zuba su a aljihunsa ya tafi da su Bulkachuwa. Ni abin da aka yarje mini shi ne in riƙa tayar da ita duk mako saboda batir.

Ranar Asabar ta makon jiya aka ɗaura auren wani abokina a Misau. Zan so in ce miki kewar Baba ce ta sa na ɗauki motarsa, amma ba ita ba ce. 'Yan'uwan Hadiza, yarinyar da nake nema a can, duk za su je wurin, ni kuma ban so su ga na diro daga bayan a-kori-kura da babbar riga ba. Da Inna ta zaga wanka sai na shiga ɗakinta, na buɗe akwatinta, na ɗauko lambobin da takardun motar. Akwatin Inna fa, Yaya, wanda matan unguwa ke kawo 'yan kunnen 'ya'yansu su ajiye.

Sai da na fito na tuna babu sukuru. Na samo wayar ɗaurin rodi na ɗaure ta baya, ta gaba kuma na jingina ta a jikin gilashi daga ciki, yadda nake ganin wasu direbobi suna yi. Na je lafiya, na yi ta kaɗa makulli a yatsa kamar wani mai abin kansa. A dawowa, dab da shiga gari, masu kiyaye haɗurra suka tsayar da ni. Ashe ta bayan ta karkace tana lilo da kusurwa ɗaya. Suka rubuta mini takardar tara saboda rashin ɗaura lamba yadda doka ta ce, suka kuma riƙe takardun motar, suka ce in zo ofis.

Na mayar da lambobin cikin ƙyallen kafin Inna ta lura. Amma ƙunshin ya rage kauri, takardun motar ba sa ciki. Ranar da Baffa zai ce ta kawo amana, ita za a kalla, ba ni ba.

Ban gaya wa kowa ba. Kin san halin Yaya Abdurrashid, tun daga Kano yake aiko da maganar cewa ni da nake cikin gidan a sa mini ido. Ki ba ni shawara, ki kuma zage ni in kin ga dama, na cancanta.

Ƙaninki,
Najamuddin

Birnin Kebbi,
25 ga Afrilu, 2002

Najamuddin,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida kawunsu. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ka tabbatar tana shan ƙwayar hawan jinin nan kullum da safe, ba sai ranar da kanta ya yi ciwo ba.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a ɗakin canza kaya, sai da na nemi kujera. Shekararka ashirin da tara, malamin makaranta, kana tsayawa gaban yara kana koya musu ladabi, ka shiga akwatin mahaifiyarka tana takaba saboda wasu ƙarti a Misau su ce ka iso. To ka iso. Kuma da waya! Ko keken da Baba ya saya maka kana firamare haka ka riƙa ɗaure shi da tsumma har ya mutu. Auta dai auta ne, Inna ce ta ɓata ka, ga shi a kanta abin zai ƙare.

Na huce, ga shawara. Kada Inna ta ji. Jininta ba zai ɗauka ba, kuma in ta ji ba za ta iya ɓoye wa Baffa ba, ka san ta, ko kwano ta ara ya tsage sai ta kai shi da kanta ta nuna. Kada Abdurrashid ya ji, don zai mayar da lambar mota ta zama shari'a. Wannan ba kisan kai ba ne, tara ce. Ka je ofishin, ka biya abin da suka ce, ka karɓo takardun, ka mayar inda ka ɗauko, a yi ta ta ƙare. Kada ka nemi wani ya yi maka hanya, kada ka cusa wa kowa komai a hannu, ɓarna ɗaya ta isa.

Abin da na kasa ganewa shi ne me ya hana ka zuwa tun a makon. Kwana takwas ka yi kafin ka rubuto mini, kuma ba ka ce ka taka ofishin ba. Akwai abin da ka rage a labarin nan. Tun kana yaro in ka yi laifi rabi kake kawowa, ka ga yadda fuskar mutum ta yi tukuna.

Ni dai abu ɗaya nake roƙo, kada ka sa sunana a ciki. Ina da nawa abin kunyar, na bar ku kwana uku da rasuwa, har yau ban samu na dawo ba.

Ka gaida Inna, ka ce waccan ta Kebbi tana nan tana yi mata addu'a.

Yayarka,
Rukayya

Azare,
6 ga Mayu, 2002

Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Inna lafiya, tana shan magani, na mayar da kwalbar kusa da butarta don kada ta manta. An yi yayyafi shekaranjiya, bai ko jiƙa ƙasa ba, amma manoma har sun fara waiwayar garma.

Kin gane ni. Rabi na kawo.

Lokacin da jami'in ya duba takardun ya ga sunan Baba, ya tambaye ni motar waye. Na ce ta mahaifina ce. Ya ce ya san na fito da ita? Yaya, bakina ne ya riga ni. Na ce masa, "Shi ya aike ni." Mutumin da muka binne da hannunmu a watan Janairu, na ce shi ya aike ni Misau. Jami'in ya ce to madalla, in na biya tara in zo da shi ko da takarda daga hannunsa, don shi ne mai mota. Abin da ya sa ƙafata ta yi nauyi ke nan. Sau biyu ina zuwa bakin ofishin ina wucewa kamar mai neman wani gida.

Da wasiƙarki ta zo na daure na shiga. Na biya tarar a banki, na kai rasit. Na tarar da jami'in da ya kama ni, wani dogo ɗan Filato mai Hausar Jos. Ya gane ni nan take, ya ce, "Mai waya, ina Baba?" Na ce masa Baba ya rasu tun kafin ranar. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Amma ka ce shi ya aike ka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da suke so. Na ɗaya, takardar shaidar rasuwa, wannan tana hannuna. Na biyu, in kawo motar da lambobinta a ɗaure daram da sukuru, gaba da baya, su gani da idonsu. Na uku, takarda daga wani babba cikin magada mai cewa da saninsu motar take hannuna, don ba za su miƙa takardun mamaci ga wanda ya riga ya yi musu ƙarya sau ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba.

Babba cikin magada, Yaya. Inna ba za ta ji ba. Yaya Abdurrashid ba zai ji ba. Baffa kuwa gara in haƙa rami in shiga. Saura ke, kuma kin ce kada in sa sunanki. Na karanta layin nan ya fi sau goma, na ɗauka kin yafe ni ke nan, na kwana uku ban iya ɗaukar biro ba. Amma Baffa ya aiko cewa za a raba gado ranar Asabar, ɗaya ga Yuni, kwana kaɗan bayan Inna ta fita. Ba ni da wani wurin da zan kai kukana.

In kin ƙi ba zan ji haushi ba. In kin yarda, ki rubuta da Turanci, ki sa sunanki da aikinki, ki aiko da sauri.

Ƙaninki,
Najamuddin

Birnin Kebbi,
15 ga Mayu, 2002

Najamuddin,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warware. Allah Ya kawo damina mai albarka.

Ban yafe ka ba, sakarai. Wa zan bar wa kai?

Ga takardar nan a ciki. Na rubuta cewa ni ce babbar 'yar marigayi, kuma da sanin magada motar take hannunka. Sau uku ina yagawa, ina neman yadda zan tsara maganar ta zama ba ƙarya ba, ban samu ba. Shekara goma sha shida ina aikin jinya, ban taɓa sa hannu a kan allurar da ban yi ba. Yau na sa hannu a kan wannan. Na gaya wa kaina don Inna na yi, kuma ina fata haka ne.

Maganar da ka yi wa jami'in a kan Baba ba zan ce komai ba. Ka yi masa sadaka, ka nemi gafara, tsakaninka da Allah.

Ba zan samu zuwa rabon ba. Mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa wannan watan, an hana kowa hutu. Na aika wa Baffa cewa na wakilta ka, duk abin da ya faɗo mini ka karɓa a madadina. Dubi wanda na wakilta, don Allah.

Ka rubuto mini ranar da takardun suka koma akwati.

Rukayya

Azare,
23 ga Mayu, 2002

Yaya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya a nan, ina fata ƙaramar ta koma wasa. Ruwa ya sauka sosai ranar Lahadi, mutanen Yana har sun yi shuka. Inna ta sa an wanke mata zannuwan da za ta sa in ta fita, jiya ma na ji ta yi dariya da Hajiya Dijatu maƙwabciyarmu, karon farko tun rasuwa.

Albishirinki. An gama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a.

Sai da na sake shiga akwatin, ba yadda zan yi. Na ɗauko lambobin. Na kai motar wajen wani bakanike a bayan tasha wanda bai san mu ba. Ya duba ya ce irin sukurorin Fijo na da sun yi wuya, sai masu ɗan kauri ke gare shi. Na ce ya sa ko na ƙofa ne, ni dai su kama. Ya ɗan buɗa ramukan da injin huji, ya ɗaure su tamau, ko da guduma ba za su motsa ba.

A ofis aka zaunar da mu a benci, ni da direbobin haya shida da wani mai tifa, aka yi mana wa'azin awa guda a kan hanya. An ce lamba ita ce sunan mota, in ta yi ɓarna ta gudu da ita ake nemanta, wanda ya karkatar da ita kamar ya rufe fuska ne ya shiga kasuwa. Mai tifa yana ta gyangyaɗi, ni kuwa na zauna kamar ɗalibin kirki, har da gyaɗa kai. Bayan nan dogon ya fito ya kama lambar baya ya jijjiga da ƙarfinsa, ya zaga ya jijjiga ta gaba. Ya karanta takardarki, ya ce, "Yayarka nas ce? To ka riƙa jin maganarta." Ya miƙo mini takardun Baba cif, ba abin da ya ɓata.

Na dawo gida na kwance lambobin, na goge su, na jefa sababbin sukurorin a masai. Ƙunshin ya koma yadda Baffa ya naɗe shi, har ƙullin na kwaikwaya. Na share sawun taya a ƙofar gida. In kin ga motar sai ki rantse tun Janairu ba ta motsa ba.

Rabona da in ci abinci ya zauna mini tun watan jiya, yau kwano biyu na tashi da shi. Inna ta ce da alama auta ya samu labari mai daɗi daga Misau. Na yi dariya, amma ban iya kallon idonta ba. Wannan ma zai wuce, in sha Allahu.

Ƙaninki mai godiya,
Najamuddin

Birnin Kebbi,
26 ga Mayu, 2002

Najamuddin,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. In lissafina daidai ne yau Inna take fita takaba. Ka yi mata barka a madadina, Allah Ya ba ta ladan haƙuri.

Ban sani ba ko ka karɓo takardun, wasiƙarka ba ta iso ba tukuna. Ko ka karɓo ko ba ka karɓo ba, ka saurare ni. Shawarar da na ba ka tun farko ba ta da kyau, na janye ta. Na ce kada Inna ta ji saboda jininta, amma da na zauna na duba zuciyata, kunyar Baffa nake ji da bakin Abdurrashid, na fake da hawan jini. Tun ranar da na sa hannu a takardar nan ban sake jin daɗin aikina ba.

Ka je ka durƙusa gaban Inna ka gaya mata duka, har da tawa takardar. Daga nan ka hau mota, ta haya nake nufi, ka je Bulkachuwa ka samu Baffa shi kaɗai kafin Asabar. Zai yi faɗa, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka, shi ke nan. Dattijo ne, abin da aka kai masa a ɗaki a ɗaki yake barinsa. Amma amanar nan da sunan Inna aka ba da ita, bai kamata mu bar ta ta miƙa ƙunshin nan a gaban mutane ba tare da ta san abin da ya faru da shi ba.

Ba zan jira gidan waya ba. Zinatu, ƙanwar maigidana, za ta taso gobe zuwa Azare, na ba ta ta kawo maka hannu da hannu. Kada ka tsaya tunani, na san ka.

Yayarka,
Rukayya

Azare,
6 ga Yuni, 2002

Yaya Rukayya,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai da lafiya. Inna ta fita lafiya, jininta bai hau ba, na kai ta an auna jiya.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata, kwana uku bayan rabo. Zinatu ta tsaya bikin suna a Kano, ba ta san abin da ta ɗauko ba, kada ki yi mata faɗa. Ban ma sani ba ko da ta iso da wuri zan bi abin da kika ce. Ina so in ce zan bi.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Akwai Baffa, da liman da zai yi rabon, da Yaya Abdurrashid, da dattawan unguwa huɗu. Inna tana daga cikin zaure bayan ƙofa, Hajiya Dijatu da wasu mata suna tare da ita. Baffa ya ce a kawo amana. Ni na karɓo ƙunshin daga hannunta na kai masa. Ya kwance, ya ƙirga takardu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Hajiya, Allah Ya biya ki." Na ce a raina na tsira.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da sukurorin nan huɗu a ƙulle cikin leda. Ya ce shi ya kwance, shi zai ɗaura, sannan a yi wa motar kuɗi. Tsoho ya tsuguna a bayan mota, ni ina riƙe masa lambar. Ya sa na farko ya murɗa, ya yi ta juyawa bai kama ba. Ya sa na biyu, ya zurma ciki gaba ɗaya. Baffa ya janye lambar daga hannuna, ya kai fuskarsa kusa da ramin. Bakin ramin fari tas, sabon huji, yana ƙyalli a rana. Ya shafa da yatsa. Ya miƙe a hankali ya ce, "Wa ya fita da motar nan?"

Yaya Abdurrashid ya zabura yana cewa ai ya faɗa, ai tun farko ya faɗa. Kowa ya juyo yana kallona. Wallahi Yaya na buɗe baki. Ban san abin da zai fito ba, gaskiya ko wata ƙaryar, amma na buɗe.

Sai muryar Inna daga bayan ƙofa, ba ta ko rawa: "Malam, ni ce na ba shi. Ni na aike shi."

Baffa ya dubi ƙasa ya ce, "To, Hajiya. Da kin gaya mini." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa ina tsaye da sukundireba a hannu, na rufe bakina, na bar ta a haka.

An yi rabon. Kasonki na gona da na gida yana rubuce, zan aiko miki. Motar a kasona ta faɗo, Yaya Abdurrashid ya ce a bar mini tunda na riga na saba da ita. Da aka tashi, takardun gonar da ba a gama aunawa ba, waɗanda dā Baffa ya ce za su ci gaba da zama wurin Inna har kaka, sai ya naɗe su ya sa a jakarsa. Ya ce bari ya rage mata nauyi. Shekara talatin da takwas tana gidan nan, Baffa bai taɓa ƙirga abin da ya ba ta ajiya ba. Washegari mata biyu suka zo karɓar 'yan kunnen 'ya'yansu, kowacce da dalilinta mai kyau. Inna ta buɗe akwati ta ba su, ta raka su har zaure.

Da wasiƙarki ta zo na shiga wurinta da rana, tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata komai, Misau, da waya, da abin da na ce wa jami'i a kan Baba, da takardarki. Ba ta daina tsintar ba. Ta ce, "Sau nawa ka buɗe?" Na ce sau biyu na ɗauka, sau biyu na mayar. Ta ce ita ba ta sani ba sai da ta ji shirun da na yi a waje, ta ce ta san shiruna tun ina goye.

Na ce mata gobe da sassafe zan tafi Bulkachuwa in gaya wa Baffa gaskiya, in wanke ta. A nan ne ta ajiye faifan ta dube ni.

Ta ce, "Ba za ka je ba. Yanzu a wurinsu ni uwa ce da son ɗa ya rinjaya, ana yi, za su manta ko ba su manta ba. In ka je ka faɗa, na zama matar da ta fito takaba da kwana shida ta yi ƙarya a gaban liman. Wanne ka zaɓa mini?"

Na ce Inna, to ni yaya zan yi da wannan abin a ƙirjina?

Ta ɗauki faifanta ta ce, "Ka riƙe. Ni ma riƙewa zan yi."

Ban je ba, Yaya. Ke ma kada ki rubuta wa Baffa, ta ce in gaya miki haka da bakinta.

Ƙaninki,
Najamuddin